Ɗakin Da Ba Ya Neman Yaɓe

Da sunan Wanda ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa babu harsashi, ya saukar da ruwa don ya raya shuka, ya kuma jarraba magina. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Korau, magini ɗan magini, mutumin Garin Ɓaure. Na yi tafiya har ƙafa ta gaji ta bar wa gwiwa, gwiwa ta gaji ta bar wa sanda. Na sha ruwan rijiyoyin da ban san masu su ba, na ci abin da har yau ban tantance nama ne ko ganye ba. Mai son labarin jarumi ya kama gabansa tun da wuri, domin wannan labarin gajiyayye ne, kuma a zaune zan ba da shi.

A garinmu da ƙasa muke gini, ginin ƙasa kuwa jinjiri ne da ba ya girma. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an kwaɓa ƙasa an bi bango da hannu an shafe duk inda ya tsage, an toshe rufi, an gyara indararo. Wannan shi ne yaɓe. Ka yi bana, baɗi ya sake buɗe maka baki. Tun ina miƙa wa mahaifina tubali nake cikin wannan aiki, har tafin hannuna ya koma kamar bayan kunkuru, ban kuwa taɓa jin bangon da ya ce ya ƙoshi ba.

Shekarar da ciwon baya ya kwantar da mahaifina, ni kuma ban isa hawa tsani ba, ruwa ya riga mu. Da tsakar rana yana kwance yana hutawa, rufin da ya ɗora da hannunsa ya sauko masa, nan ya cika. Tun daga ranar mahaifiyata, Inna Tabawa, ta yi sallama da barcin damina. Da hadari ya haɗu sai ta ja tabarmarta bakin ƙofar ɗaki ta zauna, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, idonta a kan azarar rufi. Na girma, na zama magini, na yi mata yaɓen da ko gidan Sarkin Magina bai samu irinsa ba, amma ba ta saki jiki ba. Kafin damina ta fita ta rame, idanunta sun faɗa. Abin yana cina a rai, har in an kira ni magini a gabanta kunya nake ji.

Wata rana ina bisa tsani, wani falke mai sayar da duwatsun wuya ya fake a inuwar bangonmu yana kallona. Ya ce a can gabas, bayan hamada, bayan teku, akwai birnin da aka gina tun kakannin kakanni, ana zuba masa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a kuwa taɓa yi masa yaɓe ba. Ya faɗa ya kora jakinsa ya wuce, ya bar ni da ƙasa tana bushewa a hannu.

Da na gama yaɓen shekarar na durƙusa gaban Inna na ce, “Inna, zan je in koyo ginin da ba ya faɗuwa, in zo in yi miki ɗaki.”

Ta ce, “Wa ya ce akwai shi?”

Na ce, “Wani falke.”

Ta ce, “Falke ko jakinsa ba ya gaya wa gaskiya.”

Na ce, “Kafin damina ta sake zagayowa na dawo.”

Ta dube ni. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, “Wace daminar, ɗan nan?” Daga nan ta tashi ta dama mini fura, ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a tsumma.

Na bi ayari muka nutsa hamada, har muka kai wani birni da ake kira Birnin Kantu. Tun daga nesa bangonsa ke ƙyalli, fari fat, babu tsaga ko ta shigar allura. Na shafa, na ƙwanƙwasa, na tambayi wani mai gadi yaushe aka yi masa yaɓe. Ya ce mene ne yaɓe? Na ce a raina abin nema ya samu, ashe tafiyar ma ba nisa. Don murna na tsuguna a gindin bangon fada, kamar yadda muke yi a gida, na tsiyaya ruwan butata na yi alwala in yi nafilar godiya. Ban kai ga wanke ƙafa ba na ga gindin bangon ya lotsa, ya yi rami kamar an ɗiba da ludayi.

Ashe birnin duka da gishiri aka gina shi. Ba a taɓa ruwan sama a ƙasar ba, kuma dokarsu ba a zubar da ko ɗigo cikin gari. Dabba ba ta shiga, don kada ta lashe wa mutane gida. Ko wanda aka yi wa mutuwa sai ya fita bayan ganuwa ya yi kukansa, ya share ido sarai sannan ya dawo. Nan take aka yi ram da ni. Sarkinsu ya zo ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce a kulle ni har sai bangon ya warke. Na ce, “Ranka ya daɗe, bango ba ya warkewa sai an yi masa.” Ya ce to sai in jira.

Kurkukun ma na gishiri ne, bayansa kuwa shi ne bayan gari, inda fatake ke ɗaure dabbobi. Kullum ana miƙo mini ɗan ruwa a ludayi. Na riƙa jiƙa harshe da kaɗan, sauran in zuba a wuri ɗaya a gindin bango. Ƙishirwar da na sha a ɗakin nan ba na yi wa maƙiyina fatanta. Leɓena ya tsattsage, gishirin da ke ƙasa yana cin tsagar ƙafata, ramin kuwa yana tafiya kamar hawainiya. Har na fara fid da rai sai na ji ƙarƙar-ƙarƙar daga waje. Ashe damshi ya ratsa, bango ya yi laushi, wata akuyar fatake ta gano. Ni ina zubawa ta ciki, ita tana lasa ta waje, har ranar da muka haɗu a tsakiya. Harshenta na fara gani. Na faɗaɗa ramin da hannu na fita, na shige cikin ayarin mai akuyar. Tun daga ranar ban ƙara cin naman akuya da daɗin rai ba.

Muka gangara har bakin teku. Na roƙi wani mai jirgin ruwa ya ɗauke ni in biya da aiki. Jirgin babu ƙusa ko ɗaya, da igiyar kwakwa aka ɗinke katakansa, ruwa kuwa yana tsattsafowa ta kowace gaɓa. Da ya ji sana'ata sai ya miƙo mini tukunyar ƙaro ya ce in bi tsagogi ina shafewa. Jama'a, na gudo daga yaɓe na zo na tarar da shi a tsakiyar teku yana jirana. A nan na koyi harshen mutanen gabas daga bakin matuƙa, shi ya sa na fara iya zagi kafin gaisuwa. A nan kuma damina ta same ni, ta wuce, wata ta sake samuna a wani tsibiri muna jiran iska ta juya. Duk sanda ruwa ya sauko sai in ga Inna a bakin ƙofa, sai in ƙara sunkuyar da kai cikin tukunyar ƙaro. Na ce tunda na riga na makara, ba zan koma hannu rabbana ba.

Daga ƙarshe muka kai ƙasar Sarindu, wani mai kwalekwale ya haura da ni kogi, ya sauke ni a bakin daji ya nuna mini hanya da baki. Na yi ta kutsawa, ƙaya na ja, sauro na rakiya, har itatuwa suka buɗe.

An ce gani ya kori ji. Wani faffaɗan kududdufi ne mai kusurwa huɗu ya kewaye birnin da falken nan ya faɗa, ya cika da bado. An ratsa shi da hanyar dutse, makarin gefenta kuwa maciji ne na dutse da ya miƙe tun daga wannan gaɓa har waccan, ya fasa kai. A ƙarshen hanyar ga ƙofa mai hasumiya, kowane gefe na hasumiyar fuskar mutum ce, kowace fuska ta fi zaurenmu girma, ido a lumshe, baki da ɗan murmushi. Duk inda ka tsaya akwai mai kallonka, ba kuwa kallon tuhuma ba. Na zauna a ƙasa, rabi don mamaki, rabi don gajiya.

A nan wata tsohuwa ta same ni, kanta a aske, ta yafa farin zane, tana riƙe da tsintsiya. Sunanta Sumali. Ita kaɗai ta rage mai kula da wurin, tana zuwa kullum daga wani ƙauye da ke kusa. Ta ce an gina shi ne don girmama Buda, malamin da suke bin tafarkinsa. Na ce mata ni ba na sunkuya wa dutse, amma in na ga hannun gwani ina gane shi. Ta ce, “Duba iyakar dubawarka, ɗana. Ka dai cire takalmi.” Ta raba shinkafarta biyu ta ba ni rabi.

Na daɗe a wurin, ina kwana a wata rumfa, ina yini ina shafa bango. Babu ƙasa tsakanin dutse da dutse, babu makuba, babu komai. An goga kowanne ne a jikin ɗan'uwansa da yashi da ruwa har suka saba, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. Mu in za mu yi rufi mai bakan gizo sai mun ɗaure azara mun lanƙwasa. Su kuwa kowane dutse ɗan leƙowa yake yi kaɗan bisa na ƙasansa, na dama ya leƙo, na hagu ya leƙo, har su haɗa goshi a sama, nauyinsu ya zama shi ne igiyarsu. Matakalar hawa an yi ta a tsaye, ƙanana, ta yadda ko sarki ne sai ya hau da hannu da ƙafa, kai a ƙasa. Akwai wasu gine-gine masu kama da rumbun da aka kife, babu ƙofa babu taga, sai dai a zagaya su. A dogayen baranda kuwa an sassaƙa duniya kaf: giwaye na jan duwatsu, mata na gasa kifi, ungozoma na karɓar haihuwa, wani kare na satar abinci mai shi ya juya baya. Wanda ya sassaƙa karen nan na so a ce mun zauna mun ci goro tare.

Abin da ya fi kama ni shi ne indararonsu. Kowane rufi, kowane daɓe, an karkata shi kaɗan yadda ido ba ya gani, ruwa ya bi ta cikin bango ya fito ta bakin kada na dutse ya zuba a kududdufi. Na tsaya cikin ruwan sama ina kallon kadojin nan suna amai, na yi kuka, ban san ko na daɗi ne ko na baƙin ciki ba. Na ga ilimin da idona, amma ilimi ne mai son tsauni guda na dutse, da giwaye, da hannun al'umma. Ni kuwa daga ni sai sanda.

A can tsakiya akwai wani dogon ɗaki mai ƙofa ɗaya. Cikinsa siffar malamin nasu ce a kwance, tsawonta ya kai kwalekwale, ya kwanta a gefen dama, ya sa tafin hannu ƙarƙashin kunci. Ban taɓa ganin natsuwa irin ta fuskar nan ba. Na ce wa Sumali, “Iya, irin wannan barcin na zo nema wa mahaifiyata.” Na ba ta labarin Inna da na yaɓe. Ta ce, “Wannan ba barci yake ba, ya gama ne.” Ta ci gaba da shararta.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat a birnin. Itatuwa irin ceɗiya sun hau kan gine-ginen sun zauna, saiwoyinsu sun gangaro kamar cinyar raƙumi, sun kutsa tsakanin duwatsu. A garinmu magini in ya ga tsiro a bango, yakan tumɓuke shi kafin ya gai da mai gida. Haka aka koya mana, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saiwa kuwa ita ce uwar tsaga. Mafi girman saiwoyin a kan ƙofar ɗakin mai kwanciya take, ta rungume dutsen saman ƙofa ta sauka ta gefe. Duk na wuce sai in ji kamar a wuyana take.

Na ce, “Iya, wannan saiwar za ta kashe ɗakin nan.”

Ta ce, “Bar ta.”

Na ɗauka maganar tsohuwar da ba ta da ƙarfin sara ce. Na kuma ce na ci shinkafar baiwar Allah har na gaji, ba ni da abin saka mata sai sana'ata. Da aka yi rasuwa a ƙauyensu ta yi kwanaki ba ta zo ba, sai na aro gatari wurin wani mai itace na hau aiki. Saiwar ta yi gardama, ni ma na yi. Hantsin da na raba ta biyu, ina share gumi, sai ga Sumali ta ɓullo ta ɗaya gefen da tulun ruwa da furanni, ta shige ɗakin ba ta lura ba. Na bi ta da gatari a kafaɗa, ƙirji a gaba, in kira ta ta ga aikin magini.

Ban buɗe baki ba na ji wani nishi a bayana, irin na tsoho in zai tashi. Dutsen saman ƙofa ya zame. Na kusa da shi ya biyo, na sama ya biyo na kusa, ƙasa ta girgiza, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa babu ƙofa, sai tulin duwatsun da giwa ma sai ta yi shawara. Ɗan haske ne kawai ke shigowa ta wata tsaga a rufi. Ashe tun tuni duwatsun nan suka saki juna, saiwar ce ke riƙe da su. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na zube a ƙasa na ce, “Iya, na kashe mu.”

Ta tashi tana tari, ta kama gefen zanenta ta fara share ƙurar da ta zuba a fuskar mai kwanciya. Ta ce, “Ba yau ba. Ban gama shara ba.”

Na ture duwatsu har farcena ya fashe, ko motsi. Na yi kira, daji ya yi shiru. Na zauna na jingina, gajiyar shekaru ta taru ta hau ni, har na ji da a bar ni a nan ma hutu ne. Sai na tuna in na mutu a nan, Inna za ta ci gaba da zama a bakin ƙofa tana jiran abu biyu, rufi da ni. Idona ya faɗa kan tulun Sumali, wanda Allah ya sa bai fashe ba.

Na ce, “Iya, ba ni ruwan nan.”

Ta ce, “Na furanni ne.”

Na ce, “Mutanen da suka yi wa kowane rufi hanyar ruwa ba za su manta da ɗakin malaminsu ba. Ruwa ya san ƙofar da ba mu sani ba.”

Ta miƙo. Na tsiyaya a tsakiyar daɓe, muka tsuguna muna kallo. Ruwan ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya miƙe siriri, ya bi gefen siffar, ya zagaya bayan kanta, ya ɓace ƙarƙashin wani falalen dutse mai huda-huda. Na sa ƙotar gatari na ɗaga. Ga rami ya tafi cikin duhu, faɗinsa bai fi bakin rumbu ba. Sumali ba ta da jiki, ta shige kamar zare a allura. Ni kuwa kafaɗuna suka cije a tsakiya, na yi gaba na kasa, na yi baya na kasa, sai da na kwaɓa laka da sauran ruwan na shafe jikina sannan na silale. Muka yi ta jan ciki, jemagu na marinmu, har haske ya bayyana. Ta bakin kada na fito, na faɗa tsundum cikin bado, kamar ɗan akuya ranar haihuwa.

Bangon da ya saura a gefen ƙofar ya karkata, yana jiran ruwa ɗaya ya bi 'yan'uwansa. Ba ni da giwa, ba ni da dutse, sai na yi abin da na iya. Na haƙa ƙasa a bakin kududdufi, na zuba ciyawa na tattaka, na yi tubali, na tayar da ƙaton ginshiƙi na tokare bangon. Mutanen ƙauye suka ji wani baƙo yana rawa cikin taɓo, suka zo kallo. Mai kallo ya zama mai miƙo ruwa, mai miƙo ruwa ya zama mai tattaki. Da taimakonsu aka janye duwatsun da suka toshe ƙofa. Sumali ta dasa ɗan reshen ceɗiya a gindin ginshiƙin, ta dube ni, na kau da kai.

Na ce mata, “Iya, wannan ginshiƙin na ƙasa ne. Kafin reshen nan ya yi ƙarfi, duk shekara sai an yi masa yaɓe, in ba haka ba zai narke.”

Ta ce, “Sai su zo su yi. Rabon da in ga mutane haka a nan tun ina da gashi.”

Na ce, “Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Yaya mutane za su yi gini irin wannan su tafi su bar wa itace?”

Ta ce, “An ce yaƙi, an ce fari. Ni dai ban sani ba. Na san dai ginin bai taɓa kiran kowa ba, kowa ya ɗauka lafiya yake.” Ta kakkaɓe tsintsiyarta, sannan ta ce, “Shi wannan yaɓen da kake ta zagi, na ɗakin tsohuwarka bana wa ya yi?”

Da zan taho ban bar wa kowa sallahu ba, tunda na ce kafin damina na dawo. Ko sallamar kirki ban yi wa mutanen ƙauyen ba, washegari na nemi kwalekwale.

Ba zan gajiyar da ku da komowa ba, ni ta gajiyar. Na sake shafa ƙaro a wani jirgin, na zagaye Birnin Kantu ta nesa, na binne takalma a hanya ban san iyaka ba. Na shigo Garin Ɓaure da azahar, furfura a gemu, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. Yaran da na tarar a ƙofar gari ba su san ni ba, ni ma ban san su ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Zaurenmu ya zube. Ɗakina ya zama tudu, har kabewa ta yaɗu a kai. Ɗakin Inna kaɗai ke tsaye, amma da wata siffa da ban taɓa gani ba: gindinsa ya yi kauri kamar tulu, samansa ya zaizaye har tubali ya fito. Na matsa kusa. Yaɓe ne bisa yaɓe, duk da shatin yatsu ƙanana. Na fari ya kai tsayin kafaɗata, daidai inda hannun Inna ke kaiwa sanda na tafi. Na bisansa ya tsaya ƙasa da nan. Na bayansa ya ƙara sauka. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ina ganin yadda bayanta ya yi ta ranƙwafawa, har na zo kan na bara, wanda bai wuce ƙuguna ba. Na karanta bangon dutse a ƙarshen duniya, amma babu wanda ya karya mini gwiwa kamar wannan.

Tana bakin ƙofa a kan tabarma, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Idonta ya yi hazo. Na yi sallama.

Ta karkata kai ta ce, “Ɗan nan ne?”

Na durƙusa na ce, “Ni ne, Inna.”

Ta laluba fuskata, ta kama gemuna ta ɗan ja. Ta ce, “Ka tsufa. Ka kawo?”

Na ce, “Ban kawo ba.”

Ta ce, “To.” Aka yi tsawa can nesa. Ta ce, “Maƙwabta kan hau rufin in sun gama nasu, Allah ya saka musu. Bana ba su samu zuwa ba tukuna. Ƙasa tana bayan ɗaki, na jiƙa ta tun shekaranjiya. Tsani yana inda ka bar shi, gara ta ci ƙafa ɗaya, ka yi hankali.”

Ban ko sha ruwa ba na tuɓe riga. Na tattaka ƙasar, na ɗora a kai, na hau. Rufin ya tsage a wurare da yawa, indararo ya toshe da ganye. Na share, na cusa, na danna, na bi da tafin hannu ina bugawa, ɗab, ɗab, ɗab, kamar yadda mahaifina yake yi a da. Iska ta taso, yayyafi ya fara, na jawo tsohuwar zana na rufe inda bai sha iska ba, na ci gaba da bin gefe-gefe ina bugawa har ruwa ya kece sosai, indararo ya fara zuba.

Da la'asar na sauko. Babu kowa a bakin ƙofa. Na leƙa ciki. Ta ja tabarmarta har tsakiyar ɗaki, ƙarƙashin azarar nan da ta yi shekara da shekaru tana tsaro, ta kwanta a gefen dama, tafin hannu ƙarƙashin kunci. Fuskarta ta natsu irin natsuwar da na taɓa gani sau ɗaya tak, sai maganar Sumali ta faɗo mini: ba barci yake ba, ya gama ne. Na rarrafa na kai kunnena kusa da hancinta, na riƙe numfashina.

Munshari take yi, ɗan siriri.

Na ja da baya a hankali, na zauna a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na ɗaga ido ina kallon azara har ruwan ya ɗauke.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da ya ɓuya kuwa Mai sama ya san shi. Ku tashi haka nan, ga gabas ta yi duhu, kowa ya je ya duba indararonsa.